Tukunyar Mama da Ƙanena Ya Huda

Ƙanena ya huda tukunyar uwarmu. Huda huɗu ya sa aka yi mata da inji, ya kafe ta da ƙusoshi a bangon shagonsa na abinci a cikin gari, ya zura mata ƙwan lantarki, wai don ta yi kyau a hoto. Aron mako ɗaya ya karɓe ta daga hannun matata, lokacin tana kwance ba lafiya, kuma matata ta rasu tana jiran a dawo da ita. Abin da aka yi mini ke nan. Na fara da shi ne don kada wani ya zaci hirar daɗin abinci na zo yi. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi. Ba zan kama sunansa ba, ba kuma don ina rufa masa asiri ba ne, bakina ne ba ya so.

Na san wani zai ce, to mene ne tukunya? Mutum da furfura a gemu yana ƙorafi a kan tukunya, alhali kasuwa cike take da tukwane. Wanda ya faɗi haka ban ga laifinsa ba, bai san ta ba. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, a aji biyar na firamare na tsaya, yau kuma yankan katako nake yi a Dei-Dei, ƙarar inji ta kusa kashe mini kunnen hagu. Ban iya tsara magana irin ta 'yan boko ba. Zan faɗi abin yadda na san shi, wanda zai gane ya gane.

Ƙauyen da aka haife ni babu shi. Ba wai ya canza ba, babu shi. Inda gidanmu yake yanzu katangar wata unguwar masu hali ce, da waya mai lantarki a kanta, da mai gadi da zai tambaye ka wurin wa ka zo. Na taɓa tsayawa a bakin get ɗin, da wani dutse mai tsaga kawai na gane wurin, wanda suka kasa fasawa, inda muke shanya barkono. Rafin da muke ɗiban yashi sun mayar da shi kwalbati. A da, kafin ido ya buɗe kunne ne yake fara tashi a garin nan. Zakaran gidan kawu, sai turmin Mama, sai na maƙwabciyarta ya amsa kamar suna gaisawa, sai ƙarar fartanya ana wasa ta a dutse, sai matan da suka yi sammakon itace suna dawowa da kaya a kafaɗa, don matanmu ba sa ɗora kaya a ka, suna kiran juna daga nesa. Yanzu inda nake haya janareton maƙwabci ne yake tashe ni, da hon ɗin tirela. Ba na cewa da can a aljanna muke. Mun sha yunwar damina, mun sha kurkunu, an binne yara da yawa. Amma in aka yi wa mutum mutuwa, gari duka ya sani, kuma ba a mantawa da wuri. A nan ne tukunyar take shigowa.

Ta baƙin ƙarfe ce, irin mai nauyin nan da yaro ba ya ɗagawa shi kaɗai. Ƙafa uku gare ta, murfinta shimfiɗaɗɗe mai baki a zagaye, yadda in ka zuba garwashi a kai ba zai zubo ba. Kakanmu na wajen uwa kuku ne a gidan wata baturiya 'yar mishan mai ba da magani, can wani gari nesa da mu. Da za ta koma ƙasarsu ta bar masa tukunyar, da abincin da ta koya masa yi a cikinta. Ta ce masa abincin mutanen cocinsu ne, matansu kan taru su yi shi. Sunan da take kiransa ya fi ƙarfin bakin kakanmu, sai mutanenmu suka raɗa masa nasu: kaza mai bargo. Naman kaza ne zalla da romonsa mai kauri, a shimfiɗa masa kwaɓaɓɓiyar fulawa a ƙasa, a lulluɓe shi da wata a sama, a gasa. Ba dankali, ba karas, ba komai. Mama takan ce duk wanda ka ga ya sa dankali a ciki, kazarsa ce ba ta isa ba yake ɓoyewa. Kakanmu ya koya wa Mama don ita ce mai natsuwa a cikin 'ya'yansa, ita kuma ta zo da tukunyar gidan Baba a cikin kayan aurenta.

Sau ɗaya ake yi a shekara, ranar Asabar ɗin da ke gaban Lahadin godiyar kaka, bayan an shigar da dawa rumbu an haƙe doya. Fulawa a lokacin ba abin kowane gida ba ce, sai matan zumunta sun haɗa kai an aiki wani kasuwa da keke. Kowane gida zai kawo kaza, kuma Mama ba ta karɓar budurwar kaza. Tsohuwa take so, wadda ta gama ƙwai ta tara kitse rawaya a ciki. Sai mu kwashi kajin mu kai wa Malam mai tebur, wani Bazazzagi da ya zauna a bakin hanya yana sayar da gishiri da ashana da kananzir. Shi kaɗai yake yanka. Dattawan coci ne suka tsara haka tun kafin a haife ni, don a garin akwai Kirista, akwai Musulmi, akwai masu bin na gargajiya, a gida ɗaya ma sai ka samu duka ukun, kuma ba a so a kai wa mutum abinci ya tsaya tambayar wa ya yanka. Malam yakan wasa wuƙarsa yana tsokanarmu: "'Ya'yan fasto, bana ma kun zo neman albarkar wuƙata? Ku gaya wa uwarku ƙundun kajin nan hakkina ne, bara ta cuce ni." Mama sai ta aika masa da ƙundun a kwano, ta ce a gaya masa bara haƙoransa ne suka cuce shi, ba ita ba.

Aikin yini ne. A dafa kajin a babbar tukunyar ƙasa da gishiri da masoro har nama ya saki ƙashi. Mata su zauna a inuwar mangwaro suna yagar nama da hannu, suna waƙoƙin zumunta, suna gulmar mazansu tsakanin baiti da baiti. Ƙasusuwan a mayar da su cikin ruwan su ci gaba da dahuwa har romon ya riƙa kama leɓe. Kitsen da ya taso a kwashe shi a kwano, a ajiye a gindin randa ya yi kauri, da shi ake murza fulawa. Mama ba ta yarda kowa ya taɓa kwaɓin sai mai hannu mai sanyi. Takan kama tafin mace ta ji, ta ce, "Ke, je ki yagi nama, hannunki wuta ne." Da kwalba take murza kwaɓin a bayan tire. Ta shimfiɗa a tasa, ta zuba nama, ta zuba romo, ta lulluɓe, ta manne baki da yatsa, ta tsaga sama sau uku da wuƙa don ya yi numfashi, ta shafa ƙwai da gashin kaza. A gindin tukunyar ƙarfen akwai wankakken yashin rafi, kaurin yatsa uku, a kansa ake ɗora tasar. A rufe, garwashi kaɗan a ƙasa, mai yawa a kan murfi. Ɗaya bayan ɗaya ake gasawa tunda tukunyar ɗaya ce, tun hantsi har rana ta yi sanyi.

Ba a buɗe murfi a duba, dokar ke nan. Da kunne ake sanin ya yi. Mama takan durƙusa ta kawo kunnenta kusa da ƙarfen, ta ɗaga hannu, kowa ya yi tsit har kajin da suka rage. Da farko za ka ji romo yana ɓul-ɓul da sauri. Can ya rage, ya koma kamar tsoho yana gunaguni. In gunagunin ya fara tsayawa yana dawowa, to a kwashe wuta. Wannan ƙarar a wannan tukunyar kawai take, saboda kaurinta. Ba abin da ake rubutawa a takarda ba ne. Sai an durƙusa kusa da wanda ya sani, a ji, a sake ji.

Na farkon da ya fito ba a cinsa a gidanmu. Ba na fasto ba ne, ba na mai gari ba ne. Na gidan da aka yi mutuwa ne a shekarar. In gida uku ne, na farko uku nasu ne, bi da bi yadda mutuwar ta zo, kuma ba a tambayar addinin gidan. Da zafinsa ake ɗauka a kai gidan, a ajiye gaban wanda aka yi wa rashi, a ce masa, "Ba mu manta ba." Shi ke nan, ba wa'azi, ba dogon zance. Sauran kuma washegari bayan sujada a yanka ƙanana kowa ya samu. Ban taɓa ganin an sayar da ko loma ɗaya ba.

Ni ne mai wuta. A shekarar da nake so in faɗa na fara tsayi, muryata ta fara fashewa. Gida ɗaya aka yi wa mutuwa, gidan wani tsoho maƙeri mai bin gargajiya, matarsa ta rasu da damina, ba su da ɗa a gari. Mama ta sa nasa a wuta, ta ce in tsare, ta shiga ɗaki ta ba ƙanena nono, don a lokacin jariri ne. Sai ga ƙarar mota. Mota ba ta shigowa garinmu, sai dai ta wuce can titi. Yara suka ruga, ni ma na ce bari in leƙa in dawo. Kafin in tafi na yi wata dabarar banza, na ƙara garwashi sama da ƙasa don kada wuta ta mutu ba na nan. Mutane ne da hulunan kwano, da wani abu mai ƙafa uku da suke leƙawa, da doguwar sanda mai zane ja da fari, suna kafa 'yan turakun siminti a gonar kawu. Ɗaya ya ba ni sandar in riƙe masa. Na riƙe ina ta washe baki, ina jin na zama wani abu. Ban san garinmu nake taya su aunawa ba. Warin ƙuna ne ya dawo da ni, tun daga bakin rafi na ji shi.

Na iske Mama ta kwashe wuta ta buɗe murfi. Bargon ya yi baƙi ƙirin, gefe ya tsage, romo ya ƙafe. Mata sun yi cirko-cirko. Wata goggonmu ta ce a jefa wa karnuka, a ba tsohon na biyu, wa zai sani? Mama ta ce, "Ni zan sani. Na farko nasa ne, kuma wannan ne na farko." Na tsaya ina jiran bulala, har na fi son a yi mini bulalar. Ba ta taɓa ni ba. Ta naɗe tasar da tsumma ta ɗora mini a hannu, ta ce, "Kai ka ƙona, kai za ka je. Ka durƙusa ka gaya masa da bakinka inda ka tafi. Kada in ji ka ce wuta ce ta yi yawa. Ba wuta ce ta bi mota ba."

Tafiyar ba ta da nisa. Na same shi zaune a bakin maƙerarsa da ba a hura ba tun rasuwar. Na durƙusa na ajiye, na faɗi komai, motar, sandar, garwashin da na ƙara. Har na manta da maganar da ake faɗa in an kawo. Sai ya sa hannu ya ɓare baƙin bargon, ya ciro nama daga tsakiya inda bai ƙone ba, ya ci. Ya ɓalli ƙonannen ma ya sa a baki, ina jin yana garas-garas. Ya ce, "Matata ma haka take ƙona tuwo in ta tsaya surutu. Zauna." Muka cinye tare, da ɗacin da komai. Da zan tafi ya ce, "Ka gaya wa uwarka na ga saƙo. Su kuma masu sandan nan, gobe in sun ba ka, kada ka riƙe." Tun daga ranar ban sake barin wuta na tafi ba. Sandar kuwa, ko na riƙe ko ban riƙe ba, sun riga sun gama awonsu.

An ɗauki shekaru kafin katafila ta zo, amma ta zo. Aka watsa mu. Wasu aka kai su gidajen da aka gina a jere kamar kwalin ashana, wasu suka nufi wajen Sheda neman gona, wasu Kuchigoro. Malam mai tebur ya koma garinsu, can ya rasu. Baba bai daɗe ba bayan tashin. Ni na shiga leburanci, daga nan katako, don ƙanena ya yi karatun da ban yi ba. Ba gori nake yi ba. To, ko gorin ne ma, gaskiya ce. Shi bai taɓa durƙusawa gaban tukunyar nan ba. Ranar gashi yana ɗaki da littafi, Mama ta ce a bar shi, hayaƙi zai ɓata masa ido. Sai an yanka ya fito da farantinsa.

Wadda ta koya ita ce matata. Ranar da aka kawo ta Mama ta kama tafinta ta ji, ta ce, "Wannan tawa ce." Shekara da shekaru tana durƙusawa kusa da Mama. Da Mama ta ga ƙarfinta ya ƙare, a gabana da gaban ƙanena ta ce tukunya ta matata ce, in ita ma ta gaji ta ba wadda ta ga hannunta ya yi. Bayan Mama ta rasu matata ba ta bari abin ya mutu ba. A tsakar gidan haya, tsakanin igiyar shanya da bokitan maƙwabta, duk kaka sai ta gasa, ko biyu ne ko uku. Kazar a kai wa wani mahauci Bakano a bakin layi ya yanka. Ni ne mai wuta har da furfurata. In ta ji an yi mutuwa a gidan ɗan garinmu, ko a ina aka jefa shi, sai mu hau mota da tasa a cinya naɗe da zani, mu je mu ce ba mu manta ba. Wasu su yi ta kuka. Wasu kuma 'ya'yansu su tsaya suna kallonmu, ba su san me muka kawo ba.

'Ya ɗaya Allah ya bar mana. Ta yi makarantar kwana, daga nan ta tafi koyon aikin jinya, lokacin gashi ba ta gida. Uwarta takan ce ba komai, in ta gama ta dawo akwai lokaci, hannunta irin na Mama ne. Sai ciwo ya kama matata. Likita ya ja ni gefe ya yi mini magana a hankali, na gane. Ita ma ta gane ba sai an gaya mata ba. Ta ce in kira yarinyar ta dawo, ba za ta jira kaka ba, tana so ta durƙusa da ita gaban tukunya ko sau biyar ne, kunnenta ya kama.

Saura 'yan kwanaki yarinyar ta iso sai ga ƙanena a mota, da lemo a leda. Ya daɗe bai tako gidan ba. Yana shirin buɗe shagon abinci a cikin gari, irin wurin da manya ke zuwa, har ya sa masa sunan Mama. Ya zauna a bakin gado, "Sannu Anti, Allah ya sawwaƙe Anti," can sai ya fito da abin da ya kawo shi. Wai masu ɗaukar hoto za su zo, yana so ya nuna wa duniya tarihin gidanmu.

"Mako ɗaya kawai, Anti. Ran Asabar direbana zai dawo da ita har gida."

Na ce a'a.

Ya juyo ya ce, "Haba Yaya! Ni ba ɗan Mama ba ne? Ko hoto ba ni da hakkin ɗauka da tukunyar uwata?"

Matata ta ce, "Baban yarinya, ba shi. Uwarsa ce."

Ni da hannuna na ɗauka na sa masa a bayan mota. Har yau in na tuna sai in ji haushin hannun nan nawa.

Asabar ta zo ta wuce. Na kira, ya ce yana mitin. Na kira, ya ce direba ya yi tafiya. Na kira, ya ce masu hoto sun ɗaga rana. Daga baya wata mace ce take ɗauka, "Oga ba ya kusa, a bar saƙo." Na je gidansa, mai gadi ya ce ba ya gari. Na je shagon, a kulle, an manne gilashin da takarda ana gyara. Kowace safiya in na shigo da koko matata sai ta dubi hannuna kafin ta dubi fuskata. Ta ce, "Yau ma?" In ce, "Gobe."

Da muka ga kwana yana tafiya, na sayo tukunyar alminiyon mafi kauri da na samu a kasuwa, na sa aka buga mata murfi. Muka fito da matata tsakar gida a kan tabarma, muka jingina ta da matashi. Ta nuna wa yarinyar yagar nama, ta nuna mata kwaɓi, wannan duk ya yi. Da aka rufe aka sa wuta ta ce a matsar da ita kusa. Ta kawo kunne, ta daɗe. Ta ce, "Ba na jin komai. Wannan ihu take yi, ba magana ba." Ƙasa ya ƙone, sama ɗanye. Muka sake bayan kwana uku, haka. Na uku ba ta iya fitowa ba. Yarinyar ta zauna a bakin gado da littafi da biro ta ce, "Mama, faɗa mini in rubuta." Uwar ta yi murmushi ta ce, "Me zan ce ki rubuta? Ɓul-ɓul?"

A cikin kwanakin nan ne aka buɗe shagon. Yarinyar ta ga hoton a waya, ta kira ni waje ta nuna mini. Tukunyar a bango, haske yana fitowa daga cikinta, ƙanena tsaye a ƙarƙashi da farar hular kuku, an rubuta wai a gaban wannan tukunya uwarsa ta koya masa sirrin tun yana yaro. Na ce wa yarinyar kada uwarta ta gani. Na ci gaba da cewa gobe. Kafin ta rasu ta ba ni saƙo in kai wa ƙanena, ta ce da bakina, ba ta waya ba, sai da ta sa na yi alkawari. Ranar jana'iza ya zo da baƙin tabarau, ya tsaya a baya, kafin a gama rufe kabari ya tafi, wai yana da baƙi. Kaka ta zo ta wuce, ba wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da tasa. Wa zai yi?

Wata bakwai ina ɗauke da saƙon, don na san in na je da wuri hannu zan sa, ba baki ba. Ran wata Talata na ajiye aiki da rana tsaka, ko kaya ban canza ba, na je shagon da garin katako a gashina. Wuri ne mai gilashi, da sanyin na'ura, da kiɗa a hankali. Matar da ke bakin ƙofa ta dube ni sama da ƙasa ta ce masu kawo kaya ta baya suke bi. Na ce mata ni yayan mai wurin ne. A cikin akwatin gilashi ga abin da suke sayarwa da sunan uwata, 'yan ƙanana kamar tafin yaro, an yanka ɗaya don a ga ciki: dankali, karas, koren wake, da naman kazar gidan gona fari fat kamar auduga. Na ɗaga kai na ga tukunyar. Sun kankare baƙin shekaru, sun shafa mata wani mai tana ƙyalli. Wayar lantarki ta shiga ta gindinta, daidai inda yashi yake zama.

Ƙanena ya fito daga ofis yana yaƙe. "Ah, Yaya! Ba ka kira ba. Mu shiga ciki, mu shiga ciki."

Na ce, "Nan ma ya isa."

Ya rage murya. "Yaya, akwai kwastomomi, don Allah."

Ya ɗaga hannu aka kawo mini ɗaya a faranti da lemo mai sanyi. Ban taɓa ba. Ya ce, "Na san ka ji haushi. Wallahi mai ƙawata wurin ne ya huda, ban sani ba sai da aka gama. Kunya ce ta hana ni ɗaukar waya. Amma ka duba, Yaya, yanzu sunan Mama har Turawa sun san shi. A gida fa tukunyar nan ƙarƙashin gado take kwana. Zan aiko muku da tanderun lantarki sabo fil, mai agogo, yarinyar ta danna kawai. In kuma wannan ɗin kake so, yanzu a sauke maka."

Na ce, "Ka gama?"

Mutanen tebur na kusa sun ajiye cokula.

Na ce, "Bar ta a nan. Ba ta riƙe yashi, ba ta riƙe zafi, me zan kai gida? Ba don ita na zo ba, saƙo aka ba ni. Ka zaci matata ba ta sani ba. Ni ma haka na zata. Ashe ta ɗauki wayar yarinyar ta gani da idonta. Kwana tara tana jina ina ce mata gobe, ba ta ƙaryata ni ba, don kada in ji kunya. Ranar da ta ba ni saƙon sai da na kai kunnena bakinta kafin in ji. Ta ce in gaya maka ta yafe, kada ka sa abin a ranka, kai yaro ne, ba ka san abin da ka huda ba. To na gaya maka, na sauke. Wannan nata ne. Nawa kuma ga shi. Ka haura arba'in, kai ba yaro ba ne. Ni na goya ka, na fi kowa sanin shekarunka. Ita ta yafe maka. Ni ban yafe ba, kuma daga yau ka nemi wani ka riƙa kira Yaya."